Daɓen Katako a Gidan Katsina: Wanne Ne Zai Jure Hunturu da Damina?

Tambaya: Wata Hajiya daga Ƙofar Ƙaura ta ce tana gyaran gidansu, tsohon ginin siminti ne, ƙasa ba bene ba. Tana son a ɗauke ledar falo da ta ɗakunan kwana biyu a sa daɓen katako irin wanda ta gani a gidan 'yarta a Abuja. Wani ɗan kasuwa ya kawo mata samfuri a kwali ya ce ɗan Jamus ne. Kafintan gidan kuma ya ce ta bari ya sayo jan katako ya yanka mata, ya fi ƙarko. Tana tambaya wanne ne mai kyau, kuma yaya za ta gane shi.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa a gama aiki lafiya. Ɗan kasuwan nan da kafintan ba abu ɗaya suke miki talla ba, kuma kowannensu akwai abin da bai faɗa miki ba. Amma kafin mu zo kansu, sai an fara maganar iskar garin nan, domin ita ce ke kashe yawancin daɓen katako a Katsina, mai tsada da mai araha.

Ki duba ƙofar katako ta kicin ko murfin wardirob ɗinki. A watan Agusta sai an sa kafaɗa kafin ta rufu, a Fabrairu kuwa har haske ake hangowa ta gefenta. Katako ko ya shekara talatin da sarewa bai daina shan laimar iska yana amayar da ita ba. In iska ta yi laima ya kumbura, in ta bushe ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. A tsakiyar damina laimar iska a nan takan kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Daga Disamba zuwa Maris kuwa takan faɗo ƙasa da kashi 20. Katakon da ya zauna a iska mai laima kashi 80, ruwan jikinsa yakan tsaya wajen kashi 16 cikin ɗari na nauyinsa. A iska mai kashi 20 kuwa yakan sauko wajen kashi 4 zuwa 5. Cikin ɗaki abin bai kai na waje tsanani ba, amma ki ƙaddara ruwan jikin katakonki zai riƙa kai-komo tsakanin kashi 5 da kashi 13 duk shekara.

Ga abin da wannan ke nufi a ƙasa. Katako mai natsuwa irin iroko ko tik yana motsi wajen kashi 0.2 cikin ɗari na faɗinsa a kan kowane kashi ɗaya cikin ɗari da ruwan jikinsa ya ƙaru ko ya ragu. Daga kashi 5 zuwa 13 tazarar takwas ce, motsinsa ke nan kashi 1.6. Falanki mai faɗin santimita 10 zai tsuke da kusan milimita ɗaya da rabi, abin da ido zai iya haƙuri da shi. Mai faɗin santimita 20 zai buɗe fiye da milimita uku, inda yashi da ƙwayar gero za su riƙa maƙalewa. Katakon oak na Turai da Amurka, wanda shi ne ya cika hotunan gidajen da ake gani a waya, motsinsa ya kusa ninka wannan. Shi ya sa kamfanonin da ke yin irin wannan daɓe suke rubutawa a takardar garantinsu cewa a riƙe laimar ɗaki tsakanin wajen kashi 35 da 60. Mu kuwa muna yin watanni a ƙasa da wannan iyaka. Abuja da kika gani damunarta ta fi tamu tsawo, tun Afrilu har Oktoba, kuma hunturunta bai kai namu daɗewa ba. Abin da ya zauna lafiya a can ba lalle ne ya zauna a nan ba.

To, mu buɗe kwalin ɗan kasuwa. Ki ɗauki falanki ɗaya ki dubi bakinsa, ba fuskarsa ba. In kika ga cikinsa gari ne aka matse, launin ƙasa-ƙasa ko kore-kore, da wata fata siririya a sama, wannan laminet ne. Ba itace ba ne aka yanka, garin katako ne aka cuɗa da gam aka danne da inji, aka manna masa takarda mai hoton katako, aka rufe da wata fata mai tauri. Wani kamfanin ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1977, kuma ba abin raini ba ne in an samu mai kyau, don ya fi katakon gaske jure karce. Ki nemi abu uku a jikin kwalin. Na farko lambar juriya: AC3 ta ɗakin kwana ce, falon da ake tara baƙi da jikoki AC4 yake so, wanda wasu kamfanoni ke rubuta masa aji 32. Na biyu kauri: kada ya gaza milimita 8, mai 10 ko 12 ya fi riƙe haɗi kuma bai cika ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin ƙafa ba. Na uku alamar E1, wadda ke nuna gam ɗin da ke ciki ba ya fitar da hayaƙin da ke cutarwa da yawa. In aka buɗe kwali wari ya doki hanci har ido ya yi yaji, ki bar shi, domin zafin Afrilu a rufaffen ɗaki ƙara fito da wannan wari yake yi.

Maganar ɗan Jamus kuwa, Jamus na yin laminet mai kyau, haka ma Beljiyam da Turkiyya, kuma Chana na yin mai kyau da maras kyau. Amma kalmar ba a bakin mai sayarwa ake nemanta ba. Kamfanin kirki yana buga sunansa da lambar rukunin kayan a bayan kowane falanki, ba a kwali kaɗai ba. Akwai kwalayen da za ki ga an rubuta fasahar Jamus da manyan baƙaƙe, ƙasar da aka yi kayan kuwa babu ita ko'ina. Gwajin da ya fi duk wannan shi ne ki karɓi guntu, ki tsoma bakinsa a kofin ruwa ya kwana. Da safe ki gwada shi da ɗan'uwansa busasshe. Mai kyau zai ɗan tasa kaɗan. Maras kyau zai kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, kuma in ya bushe ba ya komawa. Haka zai yi miki a bakin banɗaki.

In kuwa bakin falankin fari-fari ne ko toka-toka, siriri ne milimita 4 zuwa 6, ga nauyi a hannu, wannan SPC ne. Garin farar ƙasa ne da roba, babu katako a cikinsa ko ƙwaya sai hoto. Ruwa ba ya kumbura shi, gara ba ta cinsa, hunturu bai dame shi ba. Abin dubawa a jikinsa kaurin fatar sama: milimita 0.3 ta ishi ɗakin kwana, falo a nemi 0.5. Rauninsa biyu ne. Ba ya yafe daɓe mai tudu da kwari, haɗinsa karyewa yake yi. Kuma inda rana ke faɗowa kansa kai tsaye ta babbar taga, zafi na iya sa shi ya miƙe ya tasa, sai da labule.

Akwai na uku da bai cika yawa a shagunan nan ba, sai an nema a Kano ko a kasuwar Dei-Dei ta Abuja ko Legas. Shi katakon gaske ne a sama, amma an manna shi a kan filawud mai hawa-hawa, kowane hawa ya gicciye na ƙarƙashinsa. Wannan gicciyewar ce ke riƙe shi, ya sa motsinsa bai kai na katako zalla ba. Ki dubi bakinsa ki auna kaurin katakon saman. A Turai ba a kiransa faket, wato daɓen katakon gaske, sai ya kai milimita 2.5. Ni ina son 3 zuwa 4, domin shi ne za a iya gogewa da inji a sake masa banish in ya tsufa. Mai siririn sama, ƙasa da milimita ɗaya, kuɗin katako za ki biya ki samu abin da bai kai laminet juriya ba. Kuma ko shi mai kyaun, in iska ta bushe ƙarau fatar saman takan tsage siri-siri, don ita tana son tsukewa na ƙasa ya hana ta. Saboda haka ko a nan ba na ba da shawarar falanki mai faɗi sosai.

Yanzu ga kafinta. Gaskiyarsa, katako zalla in an yi shi daidai ya fi duk waɗannan daɗewa. A wasu tsofaffin gidajen gwamnati da ɗakunan taro har yau akan tarar da ƙananan tubalan katako da aka manna da kwalta tun zamanin da, an goge su sau da yawa suna nan. Sai dai ki lura da girmansu: ƙanana ne, faɗin yatsu uku ko huɗu. Waɗanda suka shimfiɗa su sun san abin da suke yi.

Jan katako ba sunan itace ba ne, launi ne, kuma itatuwa da yawa na shiga ƙarƙashinsa. Ki ce ya faɗa miki sunan itacen. In son samu ne, kawo, wanda 'yan Kudu ke kira afa. Yana da nauyi, yana da tauri fiye da oak, gara ba ta cika kusantar zuciyarsa ba, kuma yana cikin itatuwan da suka fi kowanne ƙarancin motsi tsakanin rani da damina. A ma'aunin tauri da ake kira Janka, kawo na wajen 1,800, oak ja na Amurka 1,290, iroko 1,260, tik ɗan sama da 1,000, obeche kuwa bai kai 500 ba. Bayan kawo sai iroko, wanda sabon yanka yake fitowa rawaya-rawaya sannan ya rine ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Sai tik, wanda za ki ji maiƙo-maiƙo a jikinsa da wani ƙamshi irin na fata. Namu na gida daga gandun da aka dasa yake fitowa, irin na Nimbiya a kudancin Kaduna da na yankin Oyo, kuma sau da yawa ana sare shi bai gama ƙosawa ba, farin gefe ya yi yawa. Maɗaci yana da kyau da ja mai ɗaukar ido, sai dai jijiyarsa a murɗe take, in ba a busar da shi a hankali ba yakan karkace. Obeche da afara da malaina na rufi ne da silin da kayan ɗaki marasa nauyi, ba na takawa ba. Ƙafar kujera ma lotsa su take yi. Madobiya kyakkyawa ce, amma an yi mata sarar ƙare-dangi ana kaiwa Chana har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017, kuma a taron 2022 kawo da maɗaci ma suka shiga jerin. Wannan ya shafi fitarwa waje ne, amma ya isa ya nuna miki cewa manyan itatuwan sun yi ƙaranci, kuma wanda ya kawo miki kawo a farashin malaina, ba kawo ba ne.

Ana rina farin katako ya koma ja. Ki sa a kankare kusurwa ɗaya da wuƙa ko a yanke guntu a gabanki: in ciki fari ne, an gama magana. Ki danna farce a jikinsa, katakon daɓe bai kamata ya nuna shaidar farce ba. Sannan ko itacen na gaske ne, a duba farin gefe, wato sashen da ke kusa da ɓawo. Duk juriyar da ake yabon kawo da iroko da tik da ita a zuciyar itacen take. Farin gefensu abincin gara ne da ƙwaron nan mai huda katako yana zubo gari. A yanke shi a jefar, ko da zai rage yawan abin da aka samu.

Inda gizo ke saƙar shi ne bushewa. Katakon da ke zuwa mana daga dazukan Ondo da Edo da Kuros Riba yake tasowa, ya sauka a Na'ibawa a Kano ko ya wuce kai tsaye wurin 'yan katakon nan. Yawanci ɗanye ake loda shi, ruwan jikinsa sama da kashi 30. Ko wanda ya sha iska a can Kudu da wuya ya sauka ƙasa da kashi 15 zuwa 18, don iskarsu ba ta bari. Mu kuwa kashi 7 zuwa 9 muke nema, tsakiyar kai-komon da na faɗa. In kafinta ya sayo yau, ya feƙe gobe, ya buga jibi, daɓen zai yi kyau ranar da za ki biya kuɗi. Kafin ƙarshen hunturu kuwa kowane falanki ya ja jikinsa, wasu sun lanƙwashe gefe ya tashi, wasu sun tsage daga baki. Mai sayarwa zai ƙwanƙwasa miki shi ya ce ki ji ƙararsa, ya bushe. Fatar waje ce ta bushe. Akwai 'yar na'ura mai allura biyu da ake sokawa a katako ta nuna ruwan jikinsa, kuma duk wanda ya ce sana'arsa daɓen katako ce ya kamata a same ta a jakarsa. A yanke falanki a tsakiya a soka ta a sabon yankan, ba a baki ba. In babu na'ura, a yanki guntu a riƙa ɗora shi a sikelin kicin duk bayan kwana uku ana rubutawa. Ranar da nauyin ya daina sauka, ya daidaita da iskar wurin.

Busarwar ma da ƙa'idarta. Ba a shanya shi a rana, kuma ba a jingine shi a bango. Iskarmu ta rani saurin busarwa take yi fiye da kima, waje ya bushe ciki na jiƙe, sai ya fashe. A jera shi kwance a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa siraran sanduna tsakanin hawa da hawa a saitin juna, a shafa fenti a bakunan biyu, a ɗora bulo a sama don kada ya murɗe. Aikin watanni ne, ba na makonni ba. Sai ya bushe sannan a kai shi inji a feƙe, a yanka shi faɗin santimita 6 zuwa 9, a fitar masa da mace da namiji a gefe. Wanda aka fitar wa mace da namiji yana ɗanye ba zai sake shiga juna daidai ba. A kan siminti manna shi ake yi, da gam na daɓen katako wanda ke zama kamar roba bayan ya kama, ya bar katakon ya motsa ba tare da ya saki ba. Farin gam na kafintoci ruwa ne a cikinsa kuma in ya bushe ƙandarewa yake yi, bai dace da wannan aikin ba.

Lokacin shimfiɗawa ma zaɓe ne. Wanda aka matse ƙam a Fabrairu, lokacin da katako ya kai ƙarshen tsukewarsa, in Agusta ta zo ba shi da wurin zuwa sai sama, ki wayi gari tsakiyar falo ya yi tozo. Wanda aka shimfiɗa a Agusta kuma Fabrairu za ta buɗe shi. Kaka ta fi, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke hunturu bai kankama ba. In biki ne ya matso dole sai a rani, mai aikin ya bar 'yar tazara siririya bayan kowane layi huɗu ko biyar. Kowane iri kika zaɓa, a shigo da shi ɗakin da zai zauna tukuna: laminet kwana biyu a kwance cikin kwalinsa, katako zalla mako biyu ko fiye. Kuma sai an gama filasta da fenti da silin, ɗaki ya bushe, sannan katako ke shiga.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne tsohon gini, kuma ƙasa. Gidaje da yawa na wancan lokacin an zuba musu daɓe kai tsaye a kan cikon ƙasa, ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashi ba. In kika ɗaga ledar ɗakin kika tarar ƙasanta ya yi baƙi-baƙi ko yana warin ruma, ko fentin gindin bango yana ɓarewa yana fitar da farin gari, danshi na tasowa. Gwajinsa ba wuya. A yanko leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, a shimfiɗa a kan simintin, a like gefunan huɗu da salatif kada iska ta shiga, a bar ta kwana biyu. In aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta ko simintin ya yi duhu, akwai ruwa. Amma gwajin da aka yi a Maris ba shaida ba ne, komai a bushe yake. Na Agusta ko Satumba shi ne abin dogaro. In danshi ya tabbata, laminet da mai hawa-hawa sai an shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashinsu, an haɗa bakunanta sun hau juna an like, ta ɗan hau bango. Wanda za a manna kuwa sai an shafe simintin da maganin tare danshi irin na efoksi. In sabon daɓe za a zuba, a sa ledar a ƙarƙashinsa, a kuma ba shi lokaci: ƙiyasin magina shi ne milimita ɗaya a kowace rana, wato mai kaurin santimita 5 yana son kusan wata biyu. Taurin da siminti ke yi a mako ɗaya ba bushewa ba ne.

Sai gara. Daga ƙasa take tasowa, ta tsagar daɓe, ta mahaɗar bango da daɓe, ta gefen bututun ruwa. Daɓen katako rufa mata asiri yake yi, tana aiki a ƙasa fuskar na ƙyalli, sai ranar da ƙafa ta burma. Laminet ma tana cinsa, garin katako ne. Kafin a sa komai a zagaya gidan: akwai hanyar gara a bango ko a jikin ƙyaure? Shinge na fitowa daga cikin ɗaki a farkon damina? Akwai kututturen bedi da aka sare aka bari a gindin gini? A tone shi. A toshe duk tsaga, a kira masu feshin da suka san aikin su huda gindin bango su zuba maganin gara na ƙasa mai rajistar NAFDAC, irin masu sinadarin fifronil ko imidaklofirid. Fiya-fiya ba maganin wannan ba ce, wadda ta fito kaɗai take kashewa, ga haɗari ga mutanen gida. Baƙin mai da ake shafa wa katakon rufi kuma ba ya shiga ɗaki: wari, ga shi yana hana gam da banish kamawa. Sikatin ɗin gindin bango a yi shi da roba ko tayil, domin na garin katako shi gara ke fara ci.

Don gane tudu da kwari, a ɗora doguwar sandar alminiyam mai mita biyu a kan daɓen simintin ta ko'ina. In ramin da ke ƙarƙashinta ya wuce milimita 3, a gyara tukuna. A bar tazarar milimita 10 zuwa 12 tsakanin katako da bango ko'ina, har jikin ginshiƙi da bakin ƙofa, sikatin zai rufe ta. Masu aiki da yawa matse shi suke yi da bango don ya yi kyau a ido, kuma daga nan tozo ke farawa. A auna ƙasan ƙofofi tun kafin a sayi kaya. Ta katako a rage ta, amma ƙofar ƙarfe irin 'yar Turkiyya ba ta yankuwa cikin sauƙi, kuma falanki mai kaurin milimita 12 da siririyar katifar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsa sun isa su hana ta buɗewa.

In gidana ne, Hajiya, ga yadda zan raba. Falo, tunda ƙasa ne kuma nan ake shige da fice da yashi a ƙafa, SPC mai kyau ko tayil mai zanen katako zan sa, in huta. Na san ba abin da kika zo ji ba ke nan, amma falon gidan Bahaushe ranar suna ko zaman gaisuwa ba wurin lallaɓa daɓe ba ne. Ɗakinki kuwa, in gwajin leda ya fito a bushe kuma an yi maganin gara, nan zan kashe kuɗin katakon gaske: ƙananan tubalan kawo ko iroko da aka busar a nan, ko mai hawa-hawa mai saman milimita 3 zuwa 4. Nan ne za ki ji amfaninsa, da asuba cikin sanyin Janairu ki sauko daga gado ƙafa ba ta taka sanyin tayil ba. Ɗaki na biyu, in na yara ne ko na baƙi, laminet AC4 ya wadatar. Bakin banɗaki a gitta dutsen mabul ko giranit mai ɗan tudu, sannan a bar tayil kamar taku biyu kafin katako ya fara, saboda ruwan alwala da jiƙaƙƙun silifa.

Wajen launi, ki guji mai duhu mai sheƙi. A shago shi ya fi ɗaukar ido, amma a hunturu ki share da safe kafin azahar sawun ƙafa ya fito raɗau a kan ƙura. Ruwan zuma ko ruwan ƙasa mai haske, maras ƙyalli, shi ke ɓoye ƙura da karce. Katako zalla ana rufe shi da banish na daɓe hannu uku, ana bi da samfefa mai laushi tsakanin hannu da hannu, ko kuma a shafe shi da man katako mai kakin zuma. Banish ya fi tare ruwa, amma in ya lalace sai an goge ɗakin gaba ɗaya. Mai kuwa yana son a riƙa sabunta shi, sai dai inda ya samu rauni nan kaɗai ake gyarawa.

Sai a ja kunnen 'yan aiki da yara. Zuba bokitin ruwa a ja da tsintsiya kamar yadda ake yi wa siminti ya ƙare. Shara da tsintsiya mai laushi, sannan tsumma ko mofa da aka matse sosai. Tabarmar goge ƙafa a waje da ciki, don yashi shi ke cinye banish, kodayake al'adarmu ta cire takalmi a bakin ƙofa ta riga ta yi rabin aikin. A manna ɗan tsumma mai kauri a ƙafafun kujeru da gado, kuma a ɗaga su in za a matsar. Kaskon turaren wuta kada ya sauka a kan daɓen sai a kan faranti ko guntun tayil mai faɗi. Garwashi ɗaya in ya faɗo, katakon gaske a goge tabon, laminet da SPC kuwa sai an cire falankin. Lalle da manja a share su nan take. Kada a sake shimfiɗa leda a kan katako, tana kulle danshi. In kina kunna esi da rani, ki sani ƙara busar da iska yake yi. Ƙaramar na'urar auna laimar ɗaki ba ta da tsada, in kika ga ta faɗo ƙasa da 30 na tsawon kwanaki, injin fesa tururi a ɗakin zai taimaki katakon.

Wajen ciniki, kada ki yarda da farashin kwali, don kwalaye ba girmansu ɗaya ba. A yi miki lissafi a kan murabba'in mita, yana rubuce a jikin kowane kwali. Ɗaki mai ƙafa sha biyu-sha biyu murabba'in mita 13.4 ne, a ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanke-yanke, ya kama kusan 15. In zanen ƙashin kifi za a yi, wato jera falankin a karkace kamar ƙayar kifi, a ƙara kashi 15. A rubuta a takarda ɗaya kuɗin katifar ƙarƙashi, leda, gam, sikatin, ƙarfen bakin ƙofa, mota da ladan aiki, don a nan ne mai araha yake komawa mai tsada. A duba lambar rukuni ta zama ɗaya a duk kwalayen, in ba haka ba launi zai bambanta a tsakiyar ɗaki. Mai shimfiɗawa kuma ki ce ya nuna aikin da ya yi a Katsina ko Daura wanda ya ga damina ɗaya da hunturu ɗaya, a aika wani ya je ya taka ya gani, ba hoton waya na ranar da aka gama ba. A riƙe wani kaso na ladansa har sai daɓen ya yi 'yan makonni ana takawa. Kwali ɗaya ko biyu da suka rage a ajiye su kwance a ƙarƙashin gado, ba a sito mai zafi ba, domin launin da kika saya bana da wuya ki sake samun irinsa a kasuwa bayan shekara biyu.